Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha a Gidana

Mun tashi da asuba daga Dutse, ana sallame salla muka ɗau hanya. Mu uku ne a tsohuwar motata: ni ina tuƙi, maiɗakina a gefena, surukata kuma, wadda duk muke kira Inna, tana kujerar baya ta juya fuska wajen taga kamar yadda ta saba in ina wuri. A but ɗin motar akwai katan biyu na ruwan roba, da safar hannu, da takunkumin fuska, da buhunan da babu komai a ciki. Wanda ya ga kayan zai ce aikin gayya za mu. Mu kuwa mun san rakiya muke yi wa tsohuwa ta je ta ga ɗakinta a Aujara da ƙanwarta a Kafin Hausa, don ita da bakinta ta ce a kai ta tun tana gane mutane.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda ba su san abin da ya faru ba. Inna ta fi shekara arba'in tana niƙa kwalli. Takan sayi baƙin dutsen nan mai ƙyalli, ta niƙa, ta tankaɗe da ƙyalle, ta ɗura a tandu, mata suna zuwa har gida suna saye. Bara ta fara fama da ciwon ciki da taurin bayan gida, hannayenta suka yi sanyi har moɗa tana suɓuce mata. Da muka kawo ta asibiti a Dutse aka gwada jininta, likita ya ce gubar dalma ce, kuma daga ƙurar dutsen kwallin ta shiga jikinta. Ya rubuta mata wasu ƙwayoyi, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce maganin kamo dalmar yake yi daga jini ya kai ta ƙoda, ƙoda ta fitar da ita ta fitsari. Saboda haka sai ta riƙa shan ruwa gwargwadon da ya rubuta, ta ci abin da zai sa cikinta ya riƙa tafiya, ta guji kanwa da jiƙe-jiƙen wankin ciki da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, don ƙoda da hanta su ji da aiki ɗaya.

Ni kuwa da na ji haka sai na ɗaura ɗamara. Na ɗauki hutuna na shekara gaba ɗaya, na sayo ruwan roba katan-katan, na kafa kujera a falo. Kullum da safe in jera robobi a ƙofar ɗakinta, da yamma in ƙirga waɗanda suka dawo babu ruwa, in rubuta a wani ɗan littafi. Lissafi bai taɓa yin giɓi ba. Har a masallaci ana nuna ni ana cewa ga surukin kirki, ni kuma ina sunkuyar da kai alhali ina jin daɗi. Bayan mako uku muka koma gwaji, likita ya kalli takarda. Ya ce ƙodar Inna ta fara gazawa, kamar ta mutumin da ba ya shan ruwa. Na zaro littafina na nuna masa. Ya duba, ya mayar mini, ya ce ya dakatar da maganin na kwana goma. Idan ƙodar ta farfaɗo a ci gaba. Idan ba ta farfaɗo ba, ba zai iya ba ta maganin ba, dalmar za ta zauna a jikinta, kuma wataƙila a fara zancen wankin ƙoda. A wannan daren ne Inna ta ce a kai ta gida.

Ranar da muka ɗau hanyar Litinin ce, don haka a Shuwarin muka tarar kasuwa ta fara haɗuwa tun rana ba ta fito ba. Manyan motoci sun jeru, ana sauke shanu da buhunan riɗi, masu shayi sun hura wuta. Na tsaya sayen ƙosai, ɗari biyar aka ba ni guda goma ƙanana kamar an auna su da cokalin shayi. A gefen titi wani mai magani ya riga ya kunna lasifika a kan motarsa, yana rantsuwa cewa jarkarsa ɗaya tana wanke jini, ta wanke ƙoda, ta wanke hanta, ta fitar da duk wani dattin da ke jikin ɗan Adam kafin la'asar. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ta fara tafiya wajensa. Mutumin da aka ba wa kwana goma babu abin da ba zai saurara ba. Maiɗakina ce ta leƙo ta taga ta tuna mini abin da likita ya ce, cewa irin wannan jiƙon zawo yake sa mutum, ya ƙwace ɗan ruwan da ya rage a jiki. Ta ce kada garin neman gira a rasa ido. Na dawo da ƙosaina na zauna.

Daga Andaza muka karya muka bi hanyar Aujara. Lokacin bazara ne, gonaki sun bushe ƙayau, sai itatuwan kuka da giginya tsaye, da amalanken shanu masu ɗauke da taki ana kaiwa gona kafin ruwa ya sauka. Ƙarfe takwas ba ta yi ba zafi ya fara cizo. Na ce wa maiɗakina ta miƙa wa Inna ruwa. Ta karɓi robar, ta riƙe a cinya har muka isa, ko murfin ba ta taɓa ba.

Ya kamata ku san yadda muke da Inna. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarta, ba ta taɓa kallon idona ba, ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabana ba. In tana da magana da ni sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa mutanen gidan kaza, ko da kuwa ni kaɗai ne a wurin. Maiɗakina kuma ita ce 'yar farinta, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce waccan. Duk wannan na san shi, ina ma alfahari da shi, ina cewa surukata ta mutanen da ce.

A Aujara maƙwabta suka cika gidan da sannu da zuwa. Wani ma'aikacin lafiya na garin, wanda likita ya haɗa mu da shi ta waya, ya zo ya nuna mana yadda za a yi da ɗakin niƙan. Ya hana shara da tsintsiya, ya ce ƙurar ce mugun abin. Muka sa takunkumi da safar hannu, muka yayyafa ruwa, muka goge bango da jiƙaƙƙen tsumma, muka kankare saman ƙasar ɗakin muka zuba a buhu. Da aka zo kan dutsen niƙan, wanda Inna ta gada daga mahaifiyarta, tsakiyarsa ta lotsa saboda aiki, sai ta ce a dakata. Ta tsaya a kansa tana motsa baki, sannan ta juya ta shige ɗakin kwananta. Mu huɗu muka ɗaga shi. Na ji tausayinta ƙwarai, don da wannan dutsen ta aurar da 'ya'yanta.

Da azahar na tafi masallaci. Na yi nisa kaɗan sai na tuna na bar hulata a kan katanga, na dawo. Daga zaure na hango Inna a gindin randarta, wadda maƙwabciya ta cika mata da safe. Ta ɗebi moɗa guda ta shanye, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, tana sha kamar wadda ta dawo daga kiwo. Na ja da baya a hankali na tafi salla babu hula, zuciyata fari ƙal. Na gano bakin zaren. Inna ruwan randa take so, ruwan roba ne ba ya mata daɗi. Ban tsaya na tambayi kaina ina ruwan robobin da nake ƙirgawa yake tafiya ba, don mai murna ba ya son dogon lissafi.

Muka kwana a Aujara, aka yi mana tuwon gero da miyar kuka wadda ta ji daddawa. Washegari muka nufi Jahun, ni kuma na tsaya wajen masu tukwane na zaɓi randa sabuwa, mai faɗin baki, na ƙwanƙwasa ta na ji tana amsawa. Mai randar ta ce dubu shida, na taya huɗu, muka rabu a biyar, ta ƙara mini da moɗa da faifan rufi. Na naɗe ta da tabarma na kwantar a but. Na kuma cika jarka da ruwan randar Inna tun daga gida, na sa maiɗakina ta zuba mata a sabuwar moɗa. Ina kallo ta madubi. Inna ta karɓa, ta yi godiya ga taga, ta riƙe moɗar da hannu biyu tun daga Jahun har Kafin Hausa, ruwa yana fallatsa mata a zane duk inda muka faɗa rami. Ko leɓenta ba ta jiƙa ba. Na rasa abin da ke mini daɗi, har na fara tunanin ko tsohuwar nan ta yanke shawarar tafiya ne kawai.

Kafin Hausa ta canza tun zuwana na ƙarshe. Jami'a ta kawo mutane, mutane sun kawo shaguna. Ga masu buga takardu, ga masu cajin waya, ga 'yan acaɓa suna kiran ɗalibai da sunan darasinsu. Ƙanwar Inna tana da rumfar abinci kusa da gidajen haya, kowa yana kiranta Uwar Ɗalibai. Bazawara ce mai jiki da murya, kuma ita da kanta takan ce ɗalibai sun cinye kunyarta tare da shinkafa da wake. Ta rungume yayarta, ta dube ta sama da ƙasa, ta ja ta ɗaki suka rufe ƙofa. Mun fi awa guda a tsakar gida ni da maiɗakina muna korar ƙuda.

Da ta fito sai ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabana, abin da babu wata suruka da ta taɓa yi mini. Ta tambaye ni banɗaki nawa ne a gidana. Na ce biyu, ɗaya a ɗakina, ɗaya na baƙi, duka da tayil. Ta ce na baƙin ina ƙofarsa take kallo. Na ce falo. Ta ce ni kuma ina nake zama tun safe har dare.

“Malam,” in ji ta, “ka zauna a bakin ƙofar banɗaki da littafi da biro, ka ce surukarka ta sha ruwa roba shida. Ta wuce ta gabanka sau nawa ke nan a yini? Kuma abin naku na zamani in an ja ruwa har maƙwabta sai sun ji. Wallahi Yaya ta gwammace ƙodar ta mutu.”

Na ce to robobin fa, ai babu ruwa suke dawowa. Ta ce akwai taga a ɗakin ko babu. Na ce akwai. Ta ce me ke ƙarƙashin tagar.

Furannina ne a ƙarƙashin tagar. Wata uku suna neman mutuwa, sai a makonnin nan suka yi kore shar, har na riƙa gaya wa abokan aiki sunan takin da na saya. Ashe ruwan roba suke sha, katan-katan, da kuɗina. Inna kuwa kurɓi biyu take yi ta haɗiye magani, abinci ma ta rage don kada cikinta ya motsa, sai ta ga na tafi masallaci sannan ta lallaɓa ta shiga banɗaki a gurguje. Ba za ta iya gaya wa 'yarta ba, 'yar fari ce. Ni kuwa ko a mafarki. A mota ma abin da ya hana ta sha ke nan, kada ta sa suruki ya tsaya a gefen hanya saboda ita. Maiɗakina ta sa gefen mayafi ta rufe fuska tana kuka. Ni dai kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don duk wannan hidimar da ake yabona a kanta ita ce ta kusa kashe matar.

Uwar Ɗalibai ba ta bar ni na daɗe ina jimami ba. Ta yanke hukunci nan take: Inna za ta zauna a wurinta mako guda, maiɗakina za ta taya ta, ni kuma kada ƙafata ta taka gidan, ko inuwata kada a gani a zaure. Ta karɓi takardar likita ta sa aka karanta mata sau biyu, muka kira shi a waya ya ƙara bayani a kan yawan ruwan da ya dace, don ya ce ƙodar da ta gaji ba a yi mata ambaliya. Sai ta ɗauko wani kwanon sha ta auna, ta ce ta gane, in tafi.

Haka na zama ɗan gudun hijira a Kafin Hausa. Wani abokina da muka yi makaranta tare, yana koyarwa a garin, shi ya ba ni katifa. Da safe in sha kunun gyaɗa a bakin tasha, in zauna wajen masu faci muna gyara Nijeriya da baki. Rana ɗaya na hau motar haya na je Haɗeja na sayo busasshen kifi, na aika da shi ta hannun mai acaɓa, tunda an hana ni kai kaina. Labari kuwa ta waya nake samu, kamar mai jiran sakamakon zaɓe. Maiɗakina takan ce yau an yi kwaɗon zogale, Inna ta cinye. Gobe ta ce an yi faten wake da alayyafo, babu kanwa ko ƙwaya ɗaya, an jiƙa waken tun dare don ya yi laushi da kansa. An ba ta gwanda, an ba ta nono mai kyau da fura ba yaji. Uwar Ɗalibai takan ajiye kwanon ruwa a gabanta bayan kowace salla, ta tsaya a kanta da hannu a ƙugu har sai ta ga ƙasan kwanon. Makewayin gidan yana can baya, bayan turken awaki, babu mai ganin shigar kowa. A rana ta uku maiɗakina ta kira ni tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce cikin Inna ya saki, fitsarin ma ya fara yin fari. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi hamdala a bainar jama'a saboda irin wannan labari ba, amma na yi, har masu faci suka tambaye ni ko haihuwa aka yi.

Ban zauna haka kawai ba. Na kira wani magini a Dutse, na ce ya je bayan gidana, can ƙarshen fili bayan kicin, ya tayar da banɗaki na tsugune, ƙofarsa ta kalli katanga, ya kuma fasa wata ƙofar daga ɗakin baƙi, inda Inna take kwana, zuwa tsakar gida. Ya ce Alhaji ga mai tayil har biyu, me za a yi da na tsugune. Na ce ya yi aikinsa, ni ma sai da na zo Kafin Hausa na sani. Na kuma kira ofis na ce a soke sauran hutuna.

Ranar da mako ya cika aka ba ni izinin zuwa da mota. Inna ta fito da ƙafarta babu mai riƙe ta, fuskarta ta ciko, leɓɓanta sun daina tsagewa. Uwar Ɗalibai ta shimfiɗa mini dokar hanya: in tsaya a Jahun, in tsaya a Kiyawa, kowane wuri in ce zan duba taya, in tafi can nesa in ba mota baya minti goma. Haka na yi. Tayoyin nan huɗu ba su taɓa samun kulawa irin ta ranar ba. A Kiyawa har kankana na tsaya tayawa, dubu ɗaya da ɗari biyar, na ƙi saye na sake dawowa na saya, duk don lokaci ya tafi.

Duwatsun Dutse suka bayyana da hantsi, muka wuce asibiti kai tsaye aka ɗebi jini. Washegari muka koma karɓar sakamako, na zauna gaban likita. Ya kalli takardar, ya ɗauko ta baya ya haɗa su, sai ya yi murmushi. Ya ce ƙodar ta dawo hanya, hantar ma lafiya, za a ci gaba da magani a hankali ana gwaji. Ya tambaya me muka canza. Na ce mun cire suruki daga falo. Bai gane ba sai da maiɗakina ta yi masa bayani, ya ajiye biro ya yi dariya, sannan ya ce daga yau zai riƙa tambayar tsofaffi inda makewayinsu yake kafin ya rubuta magani. Na fito daga ofishin nan ina jin kamar in rungumi mai gadi.

A gida Inna ta zaga ta ga sabon ginin, ta buɗe ƙofar ta rufe. Randar Jahun kuwa ba ta yi asara ba, na kafa ta a inuwa kusa da sabuwar ƙofarta. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, magani da ruwa da zogale duk suna da sauƙin samu, kuma likita ya faɗi gaskiya, sai ƙofofin fita na jiki suna aiki guba take barin mutum. Amma marar lafiya yana da nasa abin da ba zai faɗa ba ko za a yanka shi, kuma wanda ya fi kowa zaƙewa wajen hidima shi ya fi kowa kasa ganin hakan. In kuna da tsohuwa a gida tana shan magani, kada ku tsaya ƙirga robobi. Ku nemo wanda take iya yi wa magana.

Yau kwana goma sha biyu da dawowarmu, gwaji na biyu ma ya yi kyau, dalmar tana raguwa. Jiya da safe ina ɗaure takalmi zan tafi ofis, na ji muryar Inna daga tsakar gida, ta fuskanci katanga tana cewa a gaya wa mutanen gidan randarsu ta yi ƙanƙanta, kafin la'asar take ƙarewa. Sannan ta ƙara da cewa a gaya musu furanninsu suna bushewa, su nemi mai ba su ruwa. Na leƙa ƙarƙashin tagar, na ga duk sun yi yaushi sun sunkuyar da kai. Na ajiye jakata, na ɗauko bokiti na ba su da hannuna, na isa ofis a makare ina murmushi.